Bayan An Kunna Fitila

A silimar unguwar Tepito
fim ya ƙare, ba wanda ya tashi.

Fermín mahauci, mai cewa
dambe ba na mata ba ne,
yana murza ido da bayan hannu,
wai barkonon gugguru ne.

'Yan mata biyu a layin gaba
sun naɗe hannu da safa
suna naushin iska.

Can baya tsohuwa Eulalia
mai karkataccen karan hanci
ko ɗigon hawaye.
Duk naushin da aka kai wa jarumar
ita ke gocewa a kujera,
kafaɗa na tuna abin da baki ya binne.

Jikarta ta taɓo ta: "Kaka, ya?"
Ta ja tsaki.
"Da ta ɗaga hagunta
da ba ta faɗi ba."