Farin Gurbi a Taswira

Bodil ta shimfiɗa taswira a kan gwiwa,
iska na fizga, ta danne gefe da gwangwanin madara.
"Daga nan," in ji ta, "babu komai."
Ta ɗora yatsa kan wani farin gurbi
da bai wuce tafin jariri ba.
Na dubi takarda, na ɗaga kai:
tsaunuka bakwai, baƙaƙe wuluk, sun yi wa sama haƙora.
Ashe haka babu komai take da tsawo.

Kwana tara ke nan da barin Ittoqqortoormiit.
Karnuka sha ɗaya suka ja mu,
Sikki ta yanke dungu a kwana na huɗu,
yanzu tana kwance bisa kaya
kamar ita ta biya kuɗin tafiyar.
A wannan wata rana ba ta faɗuwa,
sai ta rusuna bayan dutse, ta fasa, ta miƙe.
Agogo ke ce mana dare ya yi,
mu kwanta cikin haske kamar marasa lafiya.

Kogin nan na ƙanƙara tafiya yake yi.
Ba ya gudu, ba ya tsayawa.
Sandar da Bodil ta kafa bara
mun tarar da ita taku arba'in ƙasa da inda aka bar ta,
ta karkace, kamar tsohon da ya gaji da jira.
Cikin tanti kana jin cikinsa yana ƙugi,
wani abu ya tsage can ƙarƙashin haƙarƙarinka,
risho ya girgiza, shayi ya zube.
Allurar kamfas ma a nan ba ta faɗin gaskiya duka,
sai an yi mata ragi.

A kwana na goma muka hau wuyan tsauni na uku.
Iskar wurin ba ta san sunan kowa ba.
Bodil na haki, tana murna:
"Ujarneq, ƙafar mutum ba ta taɓa taka nan ba!"
Ban amsa ba, don na riga na hango shi:
tarin duwatsu, tsawon ƙugu,
an jera su da hannu, babba a ƙasa, ƙarami a sama.
Dutse ba ya hawa kan ɗan'uwansa don kansa.

A gindinsa akwai gwangwanin taba, tsatsa ta cinye rubutun.
Na ɓalle murfin da wuƙa.
Ganyen shayi da ya koma ƙasa,
allura ɗaya,
da safar hannu ta fata, ta hagu, ta yaro,
an ɗinke babban yatsa da jan zare.

Na san wannan ɗinki.
Aleqa, mahaifiyata, ba ta taɓa iya ɓoye ƙulli ba.
Ta sha ba ni labarin shekarar yunwa,
da teku ta rufe bakinta,
suka bi sawun ɓaunar ƙanƙara cikin duwatsu
da ni a goye, ina tsala ihu kwana biyu.
Na ɗauka tatsuniya ce ta sa yaro cinye abincinsa.

Bodil ta daɗe shiru.
Can ta ciro fensir, ta hura wa yatsunta.
"Yana da suna?"
Na ce, uwata tana kiransa Inda Yaron Ya Yi Shiru.
Ta gwada, gurbin bai ɗauka ba.
Sai ta rubuta tsayin dutsen da lamba,
sunan kuma ta ja shi a kwance har bakin takarda,
ya ƙetare tsauni biyu da rabin teku.

Na mayar da safar inda take.
Na zuba sukari dunƙule uku, na rufe,
na ƙara dutse ɗaya a sama.
A ƙasa karnuka sun fara haushi,
hazo na hawowa daga kwari,
kuma hannuna na hagu, yau ma, shi ya fara jin sanyi.