Kwabon Mai Burodi

Cincinnati, 1864

Yaƙi na shiga shekara ta biyu
kwabo ya yi ɓatan dabo.
Kowa ya ƙulle nasa a safa, ya cusa ƙarƙashin katifa,
har farantin baiko na coci ya daina ƙara.

Mun gwada ba da canji da kan sarki.
Gumin hannu ya liƙe su,
mace ta zo da kuɗin burodi biyar a dunƙule
ba mai iya ɓamɓarewa.

Sai na haura titin Vine wurin Lanfersiek maƙeri,
na ce, buga mini dubu biyu na tagulla.
Gaba, zangarniyar alkama.
Baya, sunana, da magana ɗaya:
mai wannan yana bi na burodi.
Ya ce, Ottilie, kuɗi ai na gwamnati ne.
Na ce, gwamnati na bakin daga,
ni ina bakin tanda.

Suka watse kamar 'yan tsaki.
Mahauci ya karɓa, mai aski ya karɓa,
mai fito a kogin Ohio ya ciji ɗaya, ya jefa aljihu.
Sunana ya kwana a mashayar
da ƙafata ba ta taɓa takawa ba.
Da dare ba riba nake ƙirgawa ba, bakuna:
kowace tagulla yunwa ce da ta san hanyar gidana.

Anselm ya zari ɗaya ranar da aka kira rundunarsu.
Ya ce, Mama, a ajiye mini mai zafi.

Bana doka ta zo, ta ce a daina.
Kwana tara ƙofata a buɗe,
suna dawowa, wasu sun side, wasu da huda,
wani da tsatsar da ban tambayi asalinta ba.
Na biya kowa, har garin buhun ƙarshe.

Ɗari da arba'in da uku ba su dawo ba.
Wasu na ƙasan kogi,
wasu yara na caca da su a bayan makaranta.
Guda ɗaya na san aljihun.

Doka ta kashe kuɗin,
ba ta ce komai a kan bashin ba.
Shi ya sa kullum da asuba
nake ture burodi ɗaya gefen tanda,
inda zafi ya fi daɗewa.