Mai Motsa Baki

Duk Alhamis, da kasuwar Farin Gada ta watse,
sai mu hau tudun Jenta, mu talatin da ɗoriya,
zuwa ajin firamare mai tagar da ba ta rufuwa.
Bencin yara ne, gwiwa na gaisawa da haɓa.
Ba mai biyan mu. Mu ne ma ke haɗa na man janareta,
ɗari bibbiyu, a gwangwanin madara.

Kaneng kan zo da warin asibiti a rigarta.
Barau makanike, baƙin mai a ƙarƙashin farce,
murya kamar tirela na gangara Hawan Kibo.
Nanret mai kabeji, tata siririya ce kamar zare,
tana hawa inda tsani bai kai ba.
Ni kuwa tela ne, ina layin baya, jikin bango.

Malam Izang ke gaba.
Shekara tara da barin koyarwa, alli bai bar hannunsa ba,
da shi yake saran iska: ɗaya, biyu, uku.
Kunnen hagu ya mutu tun shekarar da ba ma son ambata,
sai ya miƙo mana na dama, kamar mai laɓe a bakin ƙofa.
Davou na kan fiyano mai giɓi biyu,
yana tsallake su yadda ake tsallake kwata.
Mama Asabe ta rungume tulunta kamar jika.

Ga asirina:
shekara biyu cur, baki kawai nake motsawa.
Ina aji uku wata malama ta ce, "Kai, yi shiru, kana ɓata mana."
Na yi mata shirun shekara talatin.
Ɗumin mutane ya kawo ni. Jos akwai sanyi,
kuma tun da Rifkatu ta rasu, ɗakina ya yi mini yawa.

A daren da nake faɗi, ruwa ya sauko da ƙanƙara.
Kwano ya kama nasa kiɗan.
Janareta ya yi tari, ya sake tari, ya cika.
Fiyano ta yi gum. Duhu ya haɗiye alli.
Ruwa ya tare Barau a Gada Biyu,
masu muryar ƙasa saura ni da wani yaro mai mura.

Tulu kaɗai bai ji an ɗauke wuta ba.
Matan suka kama, suka yi sama,
waƙar ta tsaya a iska, rumfa ba dirka.

Sai na ji tafin hannu a ƙirjina.
"Habila, kunnena ɗaya ne, amma idona biyu.
Yau ba mai ganin bakinka.
Ba ni ta nan."

Na buɗe.
Abin da ya fito, ƙofar da ta daɗe a kulle ce,
ta yi ƙara, tsatsa na zuba.
Bai ɗauke hannu ba. "Sauka kaɗan." Na sauka.
"Nan. Zauna nan."
Sai na ji Nanret ta taka muryata ta haye,
Kaneng ta biyo ta, sauran suka biyo.
Ashe ni ma ana iya tsayawa a kaina.

Ba mu yi daɗi ba, kada in yi ƙarya.
Yaron ya yi atishawa a tsakiyar baiti,
muka ƙare a warwatse kamar awaki sun ji tsawa.
Da aka haska tocilan waya, Malam na goge tabarau.
Ya ce, "Daga farko. Habila, ka yi saurin shiga."

Na gangara gida cikin taɓo, takalmi a hannu.
A rigata, daidai ƙirji, farin sawun yatsu biyar.
Asabar nake wanki.
Na wanke sauran.