Akwatin Kayan Aikin Baba Orval

Jiya muka buɗe akwatin ƙarfenka, Baba,
ni da Torsten, a gareji, sanyi na cizon yatsu.
Sifana uku, ɗaya ka naɗe mata tsumma a ƙota,
tocila mai tsagaggen gilashi,
da ɗan littafin nan na masu bashi.
Shafi na tara: “Gwauruwa Haugen, tukunyar ɗumama gida. An biya.”
Ba ta biya ba, mun sani.
Rubutunka ne.

Shekara arba'in da ɗaya kana bin bututu
a ƙarƙashin gidajen Two Harbors,
rub da ciki, kunci a kan siminti.
In Janairu ya kama, bakin tafki ya daskare,
waya takan yi ƙara ƙarfe biyun dare.
Mama Berniece ta ce, “Orval, bari gari ya waye mana.”
Kai kuwa har ka ɗaure takalmi.
“Ruwa bai san dare ba,” in ji ka,
sai mu ji tarin tsohuwar motarka tana gangara layi.

Ran Lahadi, benci na uku, hannun hagu.
Ka goge farce har fata ta yi ja,
baƙin bai fita ba, haka ka riƙe littafin waƙoƙi.
Muryarka kamar ana jan buhu a tsakuwa,
ba ka taɓa sassauta ta ba.
Fasto na wa'azi, ka karkata kai, ido rufe,
jama'a su ce Magana ta ratsa dattijo.
Ni na san bututun bayan bagade kake saurare.
Na tambaye ka, ka ce, “Duka biyun, Solvei.
Ubangiji ya ba ni kunne biyu.”

Addu'arka a kan abinci takan sa miya ta huce.
Kowa sai ka kira sunansa,
har Dale Rukavina da kuka yi shekara shida
kuna gaba a kan shinge.
Ba waliyyi ba ne kai. Kana da zuciya.
Ranar da Torsten ya ɓatar maka da zarto
ka yi tsawa har kare ya shige ƙarƙashin tebur.
Da dare na ji ƙwanƙwasa a ƙofarsa,
ƙaton mutum yana cewa yaro ɗan shekara goma,
“Na yi kuskure. Ka yafe mini saboda Almasihu.”

Da gwiwa ta ce ta gaji, ka ajiye aiki,
aikin ne bai ajiye ka ba.
Famfon da lafiyarsa lau ma sai ka kwance shi.
Sannan mantuwa ta zo wa Mama,
ta ɗauke mata sunayenmu ɗaya bayan ɗaya.
Yatsun nan masu kauri kamar turmi
suka koyi taje furfura, suka koyi ɗaure maɓalli.
Bayan ta tafi, shekara biyu,
kofi biyu kake jerawa da safe.

A asibitin Duluth, daren ƙarshe,
mun kewaye ka muna jiran wasiyya.
Ka ɗaga yatsa. “Kuna ji?”
Famfon ɗakin ne ke ɗiga.
“Robar ce ta cinye.”
Torsten ya fita cikin dusar ƙanƙara, ya dawo da sifana.
Da ɗigar ta tsaya, ka ce “Amin,”
ka juya fuska bango.

Ƙasa ta yi tauri, ba ta haƙuwa yanzu.
Sai ƙanƙara ta narke za mu kai ka kusa da Mama.
Ka saba jiran Ubangiji, wata uku ba komai ba ne.

Famfon kicin ɗina na ɗiga tun ran Talata.
Na san gyaransa, kai ka koya mini.
Na bar shi tukuna.