Allura Cikin Ruwa

Shekara talatin ina taka keke a bakin kasuwar Dole,
allura na hawa da sauka, bayana na lanƙwashewa,
har ranar da na duƙa ɗaukar almakashi
na kasa miƙewa.
Likita ta ɗaga hoton ƙashina ga haske,
ta ce: Malam Laminu, ko ruwa ko sanda.

Ruwa, a Damagaram?
Garin da muke tashi tsakar dare
mu kasa kunne ko famfo zai yi tari?
Na yi dariya. Bayana bai taya ni ba.

Akwai kwarmin iyo a bayan wani otal,
shuɗi kamar shaddar da ta kwana a baba,
jaka biyu, Talata da Asabar, kafin baƙi su farka.
Na faɗa da taƙama, ai tun ina yaro na iya,
can tafkin unguwarmu in damina ta cika shi:
kai sama, hannu na duka, ƙafa na shuri.

Kiyari, tsohon ɗan kwana-kwana, yana tsaye a baki.
Ya bari har na dafa bango ina haki,
sannan ya tsuguna ya ce:
Me ruwan ya yi maka kake marinsa?

Ya ce dubi ƙasa.
Ga baƙin layi can, bi shi kamar zanen alli a yadi.
In ka ɗaga kai, ƙugu ya nutse,
ka zama mai jan buhun gero a bayansa.
Ya ce kar ka ɓoye iska kamar kuɗin adashi,
saki ta hanci, a hankali, kumfa-kumfa,
in za ka ɗauko wata, mirgina kawai,
kunne ɗaya ya zauna cikin ruwa.
Wannan na gane da wuri:
haka muke sauraron famfo.

Duk da haka na sha.
Na sha abin da zai ishi gidanmu kwana biyu,
mai warin magani, yana fitowa ta hanci.

Ƙafafuna su ne masu taurin kai.
Sun saba da keke, gwiwa ce ke yin aikin.
Daga ƙugu, Malam, daga ƙugu!
Saki idon sawu, ba kaftani kake ɗinkawa ba.

Amma hannu, ashe tela ya san hannu.
Gwiwar hannu sama, yatsu su fara shiga,
tsini kafin zare.
Miƙa kamar kana auna yadi daga hanci zuwa yatsa,
dakata kaɗan,
sannan rungumo ruwan ka kai shi cinya.

Muka fara ƙidaya.
Talatin da huɗu daga bango zuwa bango.
Talatin.
Ashirin da takwas, nan na tsaya cik
tun ɗari har zafi ya kama,
har na ce wa Hadizatu gara in sayi sandar.
Ta ce sayi, amma jaka biyun gobe na kan tebur.

Wata Asabar hankalina na kan rigar wani ango
da ban sa wa aljihu ba.
Ban san na tashi ba, ban ji fantsama ba,
sai bango ya zo ya taɓa mini yatsa.
Ashirin da uku, in ji Kiyari.
Na jira yabo.
Ya ce hannun hagunka har yanzu yana tsallaka layi.

A gida nakan matse wandon iyo
a gindin ɗan lemun da ke tsakar gida,
kada ɗigo ya tafi banza.

Jiya yaron shagona, Harisu,
yana banka wa keke wuta, ɗinki na karkacewa.
Na miƙe, ba tare da na dafa komai ba,
na tsaya kansa na ce:
Me yadin ya yi maka?