Hular Bakwaini

Shekara ashirin ina riƙe da allura
a wani zaure a Alfadarai,
ina zana aska a ƙirjin manyan riguna.
Allurata tsini ɗaya gare ta, kafa ɗaya,
ta san inda ta fito, ta san inda ta dosa.

Sai ga ni a Shika, kan bencin baranda,
'yata na cikin kwalba.
Wata bakwai ta yi haƙuri, ta ce ya isa.
Uwarta na barcin magani,
ni kuwa hannuna ya rasa abin kamawa,
sai murza hular kaina.

Mama Rifkatu ce ta lura.
Daga Wusasa take zuwa, Talata da Juma'a,
da jakar ulu,
da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare.
Ta ce, "Maɗinki ne kai. Yatsunka sun tona ka."
Ta miƙo mini wani abu:
tsinke biyu, igiya ɗaya ta haɗe wutsiyarsu,
ba kafa, ba gindi, baki ta ko'ina.
Na ce, "Mama, ina farkonsa?"
Ta ce, "Inda ka sa shi."

Ta ciro lemo daga jaka.
"Ga kan 'yarka. Auna."

Ido arba'in da takwas muka jera.
Ta ce in duba kada layin ya murɗe
kafin na farko ya kama hannun na ƙarshe,
don murɗiyar da aka haɗa da ita
ba ta gyaruwa sai an koma tushe.
Sau uku na koma tushe.
Wani direban Kwangila da ke gefena
ya yi dariya har ya ƙware da ruwan leda.
Kashegari shi ke riƙe mini ƙwallon zaren.

A mahaɗa ta saƙala ɗan kunne
na azurfa, wanda ɗan'uwansa ya ɓata
tun tana budurwa.
"Duk ka dawo kansa, ka hau hawa ɗaya."

Na dawo kansa. Na sake dawowa.
Ba juya aiki, ba ganin bayansa,
kamar mai bin ganuwa
da ya bar Ƙofar Doka da hantsi
ya tarar da ita da la'asar,
ya rantse bai je ko'ina ba.
Haka kwanakin suke:
awo da safe, madara ta siririyar roba,
awo da safe.
Yau an ƙaru da giram ashirin,
gobe goma sun gudu.

Da muka kai tsakar kai
igiyar ta fi aikin tsawo,
Mama ta jawo rararta gefe
ta tsaya kamar kunnen zomo.
Ido biyu su zama ɗaya,
biyu su zama ɗaya,
har suka rage shida,
na zura zare na tsuke bakin
kamar mai ɗaure jakar tsaba.

Na juya ta ciki da waje
ina neman gaɓar da za ta gurje fata.
Ni da ɗinki ke ciyar da ni,
ban ga ɗinki ba, kuma na ji daɗi.

Kwana goma sha tara na yi a kanta.
Na wanke, na shanya, na kai wa nas.
Ta shiga, ta jima, ta fito
da ita a tafin hannu:
"Malam Tanimu, ta yi wa Ramlatu kaɗan."

Na laluba aljihu.
Lemon nan ya bushe, ya yamutse,
ya koma kamar goriba.
Na zauna, na rufe fuska da hular,
ko hancina ba ta gama rufewa ba.

Yanzu tana kan ɗan direban nan,
kwalba ta uku daga ƙofa.
Ni kuma na jera ido sittin.
Ɗan kunnen aro ne,
ta ce in mayar ranar sallama.
Na ce, "In ban gama ba fa?"
Ta gyara tabarau, ta ci gaba da ƙirga nata.