Roba-roba a Hanyar Ribah

Ban cire ledar kujerarsa ba tukuna.
Wata goma sha ɗaya ina zubin adashe,
ranar kwasa na rabu da tsohon ƙarfen nan
mai nauyin buhun gero biyu,
wanda sai na roƙe shi da ƙafa sau bakwai kafin ya yi tari.

Ishaya bakanike ya zagaya sabon, ya taɓe baki:
"Malam, wannan ai na zuwa cefane ne,
iskar tirela ma ta ishe shi."
Na ce to.
Na zuba lita biyu, na ɗaure hular kwano,
na bar Zuru tana miƙa, masu koko ba su gama hura wuta ba.

Bayan Dabai hanya ta daina miƙewa.
Ta bi gindin dutse kamar akuyar da ta san gida,
ta karya hagu, ta yi kamar za ta tafi sak, ta fasa,
ta lanƙwashe dama.
Da tsohon nan, a nan muke kokawa,
ni da kafaɗa, shi da taurin kai.
Wannan kuwa ban ma juya kansa ba.
Na dai karkata ƙugu, kamar mai kauce wa reshe,
sai ga mu mun wuce.

Kwana ta biyu na yi dariya ni kaɗai.
Ta uku na saki totur, na ƙi taɓa burki,
na kwanta har ciyawar gefe ta shafi takalmina,
raɓa ta jiƙa mini ƙafar wando.
Dawa ta yi kai, ta sunkuyo tana leƙen mai wucewa.
Zabi tara suka tsallaka a jere, ba gaggawa,
na ƙarshe ya tsaya tsakiyar kwalta yana harara ta,
wai shi mai gari.

Sai gangara.
Iska ta cika mini riga, na zama salka,
ƙasa ta buɗe: kwari, rafi, giginya uku,
hayaƙin wani ƙauye da ban san sunansa ba.
Ramuka suna nan, kar a ce na yi ƙarya,
amma mara nauyi ba ya faɗa da rami,
ratsawa yake yi, kamar allura a bakin zane.

Kusa da wata ƙaramar gada, ƙarƙashin kaɗanya,
tsohuwa ta ji ƙarar inji, ta tsaya cak,
hannunta a kan yaron da ke bin ta.
Na san tsayuwar nan.
Kunne ya koyi tambaya a ƙasarmu: babur nawa ne, su wa ke kai?
Na rage gudu, na ɗaga gilashi, na yi sallama tun daga nesa.
Ta dube ni, ta dubi abin hawan,
sai ta saki yaron, ta riƙe baki:
"Ashe sauro ne! Ɗan nan, wannan zai kai ka?"

Ya kai ni, Iya.
Ya kai ni da masara huɗu gasassu da kika tura mini a aljihu,
kin ƙi karɓar ko sisi.

Ba ni da kowa a Ribah, ba ni da saƙo.
Na sha shayi wajen Ɗantani, ya tambayi abin da ya kawo ni,
na rasa amsa, na ce hanya.
Ya ce hanya ai kowa ita ke kawo shi.
Ban yi musu ba.

Na leƙa tanki, da saura.
Jan laka ya ɓata ledar, na yage ta na cusa a aljihu.
Kwanonin da na bari a baya duk suna can suna jira,
na hagu sun koma dama,
ban san ko ɗaya ba daga wannan ɓangaren.